Wanda Ya Ciyar da Dila Ya Ciyar da Ungulu

Kawuna ya daɗe yana aiki a wani gida da ke bayan garin Garwa, inda ake ajiye namun dajin da aka ƙwace daga hannun mafarauta da 'yan wasan kura, ko waɗanda aka tsinta da rauni a bakin hanya. Cikin waɗanda aka ɗora masa kulawarsu akwai diloli huɗu, ɗaya daga ciki ƙaramar mace ce da tarko ya taɓa cin ƙafarta. Ranar da na fara raka shi ba su abinci hantsi ne na watan Maris, rana ta fara dukan ƙeya. Ya turo baro shaƙe da tumbi da huhu da ƙasusuwa daga kwata. Bai kai ga buɗe ƙofar shingen ba shirwa ta fara shawagi a kanmu, hankaki suka jeru a kan waya, ungulaye uku kuma suna zaune a reshen dogon-yaro tun kafin isowarmu, don sun san lokacin. Ya watsa naman. Babban namijin ya sunkuci nasa ya yi bayan dutse, biyu suka hau ja-in-ja a kan tumbi, gurguwar nan kuma ta tsaya gefe tana jiran a gama. Yankan da ya faɗi kusa da ita shirwa ce ta sure shi, ko ƙasa ba ta taɓa ba.

"Ka gani ko, ɗana? Huɗu aka ba ni in ciyar, arba'in nake ciyarwa."

"To Kawu, me ya hana a kore su?"

"A kore su ina? Sama ba ta da ƙofa."

Tun ranar nake bin diddigin wannan magana. Abin da na fahimta shi ne, duk wanda ya zuba ɗanyen nama a fili da rana tsaka ya buɗe akushi biyu ne, na ƙasa da na sama, kuma nauyin duka biyun yana wuyansa. Yawancin masu kula da irin waɗannan gidaje kallon ɓarayi suke yi wa tsuntsayen. Ba na ganin laifinsu, domin nama kuɗi ne. Amma a yau, a arewacin Kamaru da Cadi, ungulun da ke zaune a kan shinge ta fi dilan da ke cikin shingen kusa da ƙarewa daga doron ƙasa, kuma wannan ya isa ya sauya yadda ake tunanin matsalar baki ɗaya.

Sai na ɗan tsaya a kan suna, don yana rikita mutane. Kyarkeci shi ne sunan da malamanmu suka ba dabbar da 'yan'uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, suka ɗora wa laifi, wato zi'ibu a Larabce, dabbar da ke zaune a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Kyarkecin da tsofaffin mafarautanmu suka sani a dazukan Binuwai da Faro wani ne daban, mai dabbare-dabbaren jiki da faffaɗan kunne, mai farauta a garke. Wannan kusan ya ƙare a arewacin Kamaru, sai 'yan tsiraru da suka rage a kudancin Cadi. Shi kuwa dilan nan namu mai launin rairayi, malamin daji na cikin tatsuniya, a shekarar 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ya fi kusa da kyarkecin Turai a kan dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su a suna ɗaya. Masana yanzu kyarkecin Afirka suke ce masa, Canis lupaster. Nauyinsa tsakanin kilo 7 ne zuwa 15, alhali na Turai yakan kai kilo 40. Saboda haka abin da aka koya a gidajen rainon kyarketai na can yana da amfani a nan, muddin an san inda dabbobin biyu suka rabu.

Inda suka rabu kuwa shi ne ciki. Kyarkecin ƙasashen sanyi mai cin ƙoshi ne da yunwa. Yana iya cinye kusan kilo 9 a zama ɗaya, sannan ya yi kwanaki bai sa komai a baki ba. A killace, kilo ɗaya zuwa biyu a rana yana riƙe shi, shi ya sa gidaje da yawa a can ba sa ciyarwa kullum: sukan jefa gawar barewa ko maraƙi sukutum sau ɗaya ko biyu a mako, su bar garken da ita. Dilanmu ba haka yake ba. Mai tsince-tsince ne, yana cin ɓera da gafiya da zomo da ƙadangare da fara, yana cin magarya da kankana a gona, idan ya samu mushe ko ɗan barewa ya ci. Kaɗan-kaɗan yake ci, yawanci da almuru da asuba. Wanda ya kwaikwayi tsarin Turawa ya jefa wa diloli huɗu cinyar sa ya tafi, to kyauta ya yi wa sama, don ba za su cinye ba ko a kwana uku. Abin da ya rage za su tona rami su binne, hankaka kuma yana kan waya yana kallon inda aka binne.

Abu ɗaya da suka yi tarayya a kansa shi ne tsoka zalla ba ta riƙe su. Tsoka tana da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan. Kwikwiyon da aka raina da tsoka kaɗai ƙafafunsa lanƙwashewa suke yi, ƙashinsa ya riƙa karyewa ba tare da wani duka ba. Yana buƙatar ƙashi da guringuntsi da hanta da fata har da gashi. Wannan ya yi daidai da aljihun gidajenmu, tunda kai da ƙafa da kayan ciki ne mahauta suke saki da sauƙi. Sai dai kayan cikin da aka yayyanka ƙanana shi ne ainihin abin da shirwa take so.

Rigimar mai farauta da tsuntsu ba a keji ta fara ba. A tsibirin Ayil Royal da ke tafkin Sufiriyo a Amurka, tun 1958 masana ke bibiyar kyarketai da wata ƙatuwar barewa da ake kira mus, wadda ta kai girman doki. An daɗe ana tambayar me ya sa kyarketai ke yawo shida ko bakwai, alhali biyu sun isa su kayar da dabbar, kuma da su biyu ne da kowanne ya fi samun rabo. A 2004 masu binciken suka sa hankaka cikin lissafin, sai amsar ta fito. Hankakan can ya fi namu girma, baƙi ne wuluk ba farin ƙirji, kuma guda ɗaya yana iya ci ya kuma ɓoye kusan kilo biyu a yini. Idan kyarketai biyu ne a kan gawa, fiye da kashi ɗaya cikin uku na naman hankaki ke kwashewa. Idan shida ne, abin da ake rasawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, saboda sun gama ci kafin tsuntsaye su yi ɓarna. Ke nan makamin dabbar a daji shi ne sauri: a ci a tashi. A cikin shinge mu ne muke ƙwace mata wannan makami, mu ba ta abin da ya fi cikinta, a lokacin da ba ta saba ci ba, a filin da ba inuwa ba maɓoya.

Kuskure ne a haɗa tsuntsayen nan a kwando ɗaya, don kowanne da sana'arsa. Shirwa ba ta cika sauka ba. Sura take yi tana tafe, kuma abin da ƙafarta za ta iya ɗauka kawai take nema, kamar yadda take yi wa mai tallan nama a bakin kasuwa. Yankan da ya yi mata nauyi ya tsira. Hankaka ya fi kowa wayo, yana gane fuskar mai baro da ƙarar ƙofar, yana tafiya a ƙasa har gaban dabbar, wani ya ja hankalinta wani ya ɗauka. Babba-da-jaka shi ne abin tsoro: tsayinsa yana kai mita ɗaya da rabi, yana haɗiye yanka mai girma ɗungurungum, bakinsa kuma yana iya kashe ɗan kwikwiyo. Duk shingen da ke da jarirai dole a rufe samansa saboda shi. Ita kuwa ƙaramar ungulun gari, mai jan kai, wadda nauyinta bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba, ita ce mafi haƙuri cikinsu. Jira take yi a watse, ta sauko ta tsattsage abin da ya maƙale a ƙashi da siririn bakinta. Da wuya ta ƙwace daga bakin dabba mai rai. Amma da yake ita ce babba a ido, ita ce ke zaune a bishiya kowa na gani, ita ake ɗora wa laifin abin da shirwa da hankaka suka yi.

Asarar nama ita ce aka fi gani, amma ba ita ce mafi muni ba. Mafi muni shi ne a kan wa asarar take faɗawa. Gidan raino ba iyali ɗaya yake tarawa ba. Wannan daga tarko, wancan daga hannun yara, wani daga wata jiha, aka haɗa su wuri guda. A daji garken kyarkeci uwa ne da uba da 'ya'ya, dila kuma miji da mata ne, wani lokaci da ɗan da suka haifa bara. Baƙin juna da aka kulle tare su ne ke yin sarki da talaka a kan akushi. Mai ƙarfi ba ya rasa komai ga shirwa, don ya riga ya ɗauka. Mai rauni ce ke jira, kuma cikin minti biyun jiran nan rabonta ke tashi sama. A littafin ma'aikaci an rubuta cewa an zuba kilo kaza, lissafi ya cika, alhali wata tana ramewa har haƙarƙarinta ya fito. Haka ma magani. Ana cusa ƙwayar maganin tsutsa ko na ciwo a cikin ɗan yanka a jefa wa mara lafiya. Idan shirwa ta sure, dabbar ta rasa maganinta, tsuntsuwar ta sha abin da ba nata ba, ma'aikaci kuma yana zaton an sha.

Sai maganar cuta, wadda nake so a faɗe ta da gaskiya ba tare da ƙari ba. Tsuntsayen da suka kwana a bola suka yini a kwata suna kashi a cikin kwamin ruwan dabbobi, kuma wannan hanya ce ta gudawa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ba baƙuwarmu ba ce: an tabbatar da ita a agwagi a Marwa a watan Maris na 2006, a shekarar kuma aka same ta a jikin ungulayen gari a Burkina Faso. Tana kama masu cin nama. A ƙarshen 2024 wani gidan rainon manyan kuliyoyin daji a jihar Washinton ta Amurka ya rasa dabbobi 20 saboda ita. Darasin da ya fi kusa da mu a nan shi ne kada a karɓi matattun kaji daga gidan gona, ko da kyauta ne, a kuma rufe saman kwamin ruwa. Amma idan ana lissafin haɗari, karen unguwa da ke shinshina shinge da dare ya fi ungulu nesa ba kusa ba. Shi ke kawo haukan kare, shi ke kawo cutar nan ta karnuka da ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Sarangeti a Tanzaniya a 1994. Abin da ke kiran kare kuwa shi ne ragowar naman da ya kwana, wanda ungulu ce da ma take kwashewa.

Idan abin ya ishi mutum, dabaru uku ne ke zuwa masa. Na farko a ƙara nama don kowa ya samu, wanda ba ya haifar da komai sai ƙarin tsuntsaye, domin ungulu ba ta jewar banza, kuma saukar ɗaya sanarwa ce ga duk wadda ke sama. Na biyu danƙo da jifa da buga gwangwani, waɗanda hankaka ke sabawa da su cikin mako guda, dabbobin ciki kuma su ne ke firgita. Na ukun shi ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A gaban idona wani da ya zo ziyara ya ba Kawu shawara a barbaɗa Furadan a kan tumbi a ajiye bayan shinge, kwana ɗaya a huta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana ganin taimako ne. Jikina ya yi sanyi, don na san abin da cokali ɗaya na wannan maganin ƙwari yake yi.

A watan Yunin 2019 a Botsuwana, gawar giwaye uku da aka sa wa guba ta kashe ungulaye da mikiyoyi 537. A farkon 2020 a Gini Bisau an kashe ungulayen gari fiye da 2,000 da guba. Tsuntsuwa ce mai yin ƙwai ɗaya tak a shekara, kuma sai ta yi shekaru kafin ta fara. Abin da aka kashe a yini ɗaya ba ya dawowa a shekara ashirin. Wani masanin tsuntsaye ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin arewacin Kamaru yana ƙirga tsuntsaye masu farauta a 1973, ya sake bin su a 2000, ya tarar manyan mikiyoyi sun yi mummunar raguwa. Irin wannan ƙirga da ya yi a Mali da Burkina Faso da Nijar ta nuna raguwar da ta haura kashi 90 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake tsaro. A 2015 IUCN, ƙungiyar duniya mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ungulun gari da wasu manyan mikiyoyin Afirka uku a matakin ƙarshe kafin ƙarewa. Binciken da aka haɗa daga sassan nahiyar ya ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na mace-macen da aka rubuta a kan guba, kusan kashi 30 kuma a kan cinikin kawuna da sassan jiki don tsibbu. Wannan ciniki ya shafe mu kai tsaye, domin kasuwannin Najeriya da Benin daga Kamaru da Cadi da Nijar ake kai musu wani ɓangare na kayan. Duk wanda ya haura shekara arba'in a Garwa ko Marwa ko Kusiri ya tuna yadda kwata take baƙi ƙirin da ungulaye. Ya je gobe da safe ya ƙirga.

Akwai kuma gubar da ba a yi niyya ba, kuma a nan ne gidan raino yake da hannu dumu-dumu ko bai sani ba. Gida mai ƙaramin ƙarfi ba ya ƙin kyautar mushe. Saniya ta faɗi a rugar Bafillace, jaki ya mutu a tasha, doki ya karye, sai a aiko a zo a ɗauka. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wace allura aka yi wa dabbar kafin ta mutu? A Indiya da Pakistan da Nepal, daga shekarun 1990, ungulaye miliyoyi suka mutu, wani jinsin ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Sai a 2004 aka gano dalili: dikulofenak, maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu. Yana kashe ƙodar tsuntsun cikin 'yan kwanaki, kuma lissafi ya nuna ko da mushe ɗaya cikin ɗari bai cika ba mai ɗauke da shi, ya isa ya jawo wannan ɓarna. Indiya ta haramta shi ga dabbobi a 2006. Gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu ya tabbatar yana kashe mikiyarmu mai farin baya kamar yadda ya kashe ta can. Bayan tafiyar ungulayen, mushe ya riƙa ruɓewa a bakin ruwa, karnuka suka yawaita, har wasu masana tattalin arziki suka ƙiyasta a 2024 cewa an samu ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan a Indiya tsakanin 2000 da 2005. A kasuwanninmu na ƙauye ana shimfiɗa magungunan dabbobi a tabarma, makiyayi ya saya ya yi allura da kansa. Akwai madadin da aka gwada ba ya cutar da ungulu, meloksikam, amma sai an san da shi za a nema.

Ba dikulofenak kaɗai ba. Dabbar da likita ya kashe da allurar barci namanta guba ne ga dila da ungulu gaba ɗaya. Wadda aka harbe da harsashin dalma tana ɗauke da ɓarɓashin da tsuntsu ke haɗiyewa. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura, wannan alamar ciwon saifa ce, ba a feɗe ta, ba a ba kowa, binnewa ake yi da zurfi ko a ƙone. Cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma mai feɗewa da mai tura baro ba su da wannan kariya. Muna da ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LANAVET, nan Bokle kusa da Garwa, muna da likitocin dabbobi da ke duba nama a kwata. Ƙa'idar da nake ganin ta fi dacewa mai sauƙi ce: naman da aka yanka aka duba, ko mushen da aka san tarihinsa tun daga ciwo har mutuwa. Wanda ba a san tarihinsa ba, a gode wa mai kyauta a ce a'a.

To me ke aiki? Abu na farko bai cin ko dala: a sauya lokaci. Shirwa da hankaka da ungulu da babba-da-jaka duk masu yini ne, da faɗuwar rana suke komawa makwanci. Dila kuwa lokacin ne yake miƙewa. Naman da aka ajiye bayan magariba dabbar tana da dare sukutum ta ci a natse, har mai rauni ta samu bayan manya sun ƙoshi. Da asuba, kafin gari ya waye sosai, a shiga a kwashe ragowar, a wanke wurin. Na biyu, a daina yayyankawa. Kan akuya guda, ƙafar sa da fatarta, haƙarƙari mai nauyi, waɗannan shirwa ba ta iya ɗauka, kuma gwagwiyarsu tana wanke haƙori tana cinye wa dabbar lokacin da da sintiri za ta yi a jikin waya. Na uku, wuraren ajiyewa su fi yawan dabbobin, a warwatse, ta yadda babba ba zai iya tsare biyu a lokaci ɗaya ba. Na huɗu rumfa: gajera, ta kwano ko zana, mai ƙofa ƙasa-ƙasa. Tsuntsu mai sura yana buƙatar fili ya shigo ya fita, ungulu kuma ba ta son shiga inda ba za ta iya buɗe fiffike ba. Rufe saman shinge duka da raga yana da tsada, iskar farkon damina tana yaga ta, kuma raga mai laushi tarko ce ga tsuntsu. A bar ta ga ɗakin masu jego da na jinya. Magani kuwa hannu da hannu, da dogon matsefi na ƙarfe ta jikin waya, a tsaya sai an ga an haɗiye.

Kafin duk wannan ma, ya kamata a auna. A sa naman a sikeli kafin a zuba, a auna abin da ya rage, wani ya zauna da takarda ya ƙirga sau nawa aka sura, dabbobin kuma a riƙa auna nauyinsu duk wata. Makarantar horar da ma'aikatan namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana cike da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, kuma irin wannan ƙirga aikin mako biyu ne ga ɗalibi ɗaya.

Saura ragowar da aka kwashe da asuba. Ina za a kai ta? A Afirka ta Kudu tun shekarun 1960 ake keɓe wa ungulaye wurin ci na musamman, a Nepal kuma aka fara irinsa a 2006 don ba su naman da ba dikulofenak. Ina goyon bayan gidajenmu su yi haka: fili a buɗe, nesa da shingen dabbobi, kewaye da waya don kare da kura, a zuba ƙashi da ragowar nama mai tsabta da hantsi. Tsuntsayen suna koyon sabon wuri da sauri, su sake wa shingen mara. Amma ba zan ɓoye haɗarinsa ba. Tara ungulaye wuri ɗaya a lokaci sananne tamkar yi wa mai neman kawunansu jagora ne, saboda haka inda babu mai gadi gara a binne ragowar. Ba a yin sa kusa da filin jirgin sama. Ba a yin sa kusa da gidajen mutane, don hankaka da shirwa ma za su ƙaru, kuma su ne masu ɗauke 'yan tsaki, matan unguwa kuwa ba za su yafe ba. Kuma idan aka fara ba a tsayawa rana tsaka.

Wani zai ce mutane na fama da tsadar gero ana maganar abincin dila. Ina jin wannan, ba na raina shi. Amsata ita ce babu wanda ya tilasta mana kulle dabbar. Da muka kulle ta, hadisin matar da ta ɗaure kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi na kanta ba, ya hau kanmu. Gidan da ba zai iya ciyarwa yadda ya kamata ba, gara ya rage yawan abin da yake karɓa, ya saki masu lafiyar da za su iya komawa daji.

A wurin Kawu an koma ciyarwar dare, kuma nan ne ainihin ƙullin ya bayyana. Kwata da asuba take yanka. Daga asuba zuwa magariba awa goma sha biyu ne, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya. Tumbin da aka ɗauko da safe kafin la'asar ya kumbura, ƙudaje sun yi masa ƙwai. Cikin dila yana jure naman da ya ɗan juya, amma ba kullum ba, kuma ba na mara lafiya ba. Firji mai aiki da hasken rana shi ne maganin gaskiya, kuɗinsa kuma bai samu ba tukuna. Abin da yake yi yanzu shi ne tsohuwar kula babba da ƙanƙarar da ɗan acaɓa ke kawo masa da hantsi, a wanke kayan ciki a tsane su, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Ya kuma shirya da wani mahauci mai yankan yamma na masu tsire yana ajiye masa kai da ƙafa. Yana sallar magariba a bakin ƙofar, sannan ya shiga da tocila ya rarraba wuri shida ga dabbobi huɗu, na gurguwar a can ƙarshen rumfa inda babban namijin ba ya hangowa. Ƙasusuwan jiya yana kai su wani fili bayan ɗakin mai gadi da hantsi. Ungulayen nan uku sun bar dogon-yaron shinge sun koma can, kuma a zuwana na ƙarshe, cikin watan Nuwamba, biyar na ƙirga.